Bin sawun tsohon dogo: littafin aiki

8 ga Fabrairu

Yau na buɗe wannan littafi domin aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato bin sawun wani reshen layin dogo da aka rufe tun ban zo duniya ba. Reshe ne gajere. Ya ɓalle daga babban layi, ya ratsa gonaki da ƙauyuka, ya tuƙe a gindin tuddai. Ƙarafunansa an kwashe su tuntuni, sababbin taswirori ma ba su san da zamansa ba. Abin da nake so ya fito a ƙarshe shi ne taswira guda mai nuna inda dogon ya bi, da hoton duk abin da ya rage a kansa, da muryoyin mutanen da suka taɓa hawa jirgin. Muryoyin nan ne suka sa ni gaggawa. Kwalbati zai iya jira na shekara goma, amma tsohon da ya san ƙarfe nawa jirgin safe yake isowa ba lallai ya jira ba.

Na zaɓi wannan lokaci ne saboda ciyawa ta kwanta, ƙasa ta fito fili. Kuɗin da na ware na kasa su uku: na mota, na takardu da bugu, sauran na kayan awo da abin da ka iya tasowa. Kayan aikin ba su da yawa, waya ce da tef na mita 30 da littafi da takalmi mai kauri. Ƙanena ya ce zai riƙa raka ni ranakun da ba ya aiki.

13 ga Fabrairu

Na wuni a ma'adanar tsofaffin takardu. Na dace da abu biyu, na rasa na uku. Akwai taswira mai ma'aunin 1:50,000 da aka zana lokacin jirgi yana gudu, dogon ya fito raɗau da tashoshinsa da gadojinsa. Akwai kuma jadawalin tashi da saukar jirgi, gefensa ya ci amma ana karantawa. Fayil ɗin da ya shafi rufe layin kuwa, bangon na nan da lambarsa a jiki, cikinsa wayam. Ma'aikacin ya sake dubawa a wani kanta, bai samu komai ba.

Ba a yarda a ɗauki hoto da waya ba, sai dai a biya su yi kwafi, kuma taswirar babba ce, sai da aka yi ta gunduwa-gunduwa. Kusan rabin kason takardu ya tafi a nan tun ban taka ƙasa ba.

16 ga Fabrairu

Matsala ta farko mai ɗaci. Na sa kwafin a kwamfuta, na buɗe QGIS, manhajar taswira ce ta kyauta, na ɗora tsohuwar taswirar a kan hoton tauraron ɗan'adam. Sai ga dogo ya bi ta tsakiyar rafi, tasha ta hau kan dutse. Komai ya goce zuwa gefe guda da tazarar da ta haura mita ɗari.

Dalilin shi ne tsofaffin taswirori da yawa an zana su ne bisa wani tushen awo dabam da WGS 84 wanda GPS na waya yake aiki da shi, kuma bambancin kan kai mita ɗari ko fiye. Ga takarda tana motsewa da tsufa, ga injin kwafi yana ɗan miƙar da ita. Maganin shi ne a nemo wuraren da ba sa motsi, a ɗaure tsohuwar da sabuwar a kansu. Hanyar mota ba ta yi, domin ana karkatar da ita. Bakin rafi ma ba ya yi, ruwa yana cin gaɓa duk shekara. Abin da ya yi mini aiki shi ne ƙololuwar tuddai, da gadar babban layi wadda har yanzu jirgi yake bi, da mahaɗar da reshen ya ɓalle. Da na ɗaure waɗannan, dogon ya faɗa daidai kan wani siririn layin itatuwa da na daɗe ina gani a hoton ban ba shi muhimmanci ba.

Duk da haka ba zan dogara da taswirar fiye da ƙima ba. A wannan ma'auni santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa, saboda haka zanen da kaurinsa rabin milimita ne ya rufe mita 25. Taswira za ta kai ni kusa, ƙafa ce za ta ƙarasa.

22 ga Fabrairu

Fita ta farko, daga mahaɗa. Da farko ba abin da ido yake gani sai gona. Can sai ka lura kana tafiya a kan wani ɗan tudu mai shimfiɗaɗɗen baya, faɗinsa bai wuce taku biyar ba, ya miƙe sambal, kuma in zai juya sai ya yi lanƙwasa mai faɗi wadda hanyar ƙafa ba ta taɓa yin irinta. Hanyar mutane takan kauce wa dutse, ta gangara kwari ta haura. Dogo ba ya haka. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da riƙo sosai, wannan ne ya sa kan jirgi ɗaya yake jan taragu masu yawa a fili, kuma shi ne ya sa ɗan hawa kaɗan yake gagarar sa. Hawan Lickey da ke kudu da Birmingham, wanda ya yi suna a matsayin mafi tsananin dogon hawa a manyan layukan Birtaniya, mita 1 ne kacal cikin kowane mita 37.7. Mai keke ma ba zai yi ƙorafi a kansa ba. Don haka magina dogo sai su fasa tudu su cike kwari, ƙasar da aka haƙo a nan a zuba ta a can, inda ba ta isa ba a ɗebo daga gefe.

Duka ukun na gan su yau. Ga cikon da muke tafiya a kansa. Ga inda aka tsaga tudu, bangon biyu sun zube sun yi laushi amma ƙasan yana nan a daidaice, da sanyi da damshi a cikinsa. Ga kuma ramuka a jere a gefen cikon, inda aka ɗebi ƙasa, yanzu sun zama kududdufai, dabbobi suna sha.

Na tona da tsinin takalmi a bayan cikon. Ƙasa da yatsa uku sai ga tsakuwa fasasshiya mai kaifin baki, ba irin mulmulalliyar tsakuwar rafi ba. Da gangan ake zuba mai kusurwa a ƙarƙashin dogo, domin tana cije juna ta riƙe nauyi, ruwa kuma ya tsiyaye ta cikinta. A haɗe da ita akwai wasu baƙaƙen dunƙule marasa nauyi masu huji-huji, ƙonannen kwal ne da aka kwashe daga tukunyar kan jirgi. Na ɗauki ɗaya na juya shi a tafin hannu, na yi masa hoto, na mayar da shi inda yake. Na yanke shawara tun yanzu ba zan ɗauko komai zuwa gida ba.

1 ga Maris

Tafiya ba wani labari. Na sa alamar GPS a kan kwalbatoci ƙanana, na auna bakin kowanne. A fili wayar tana kuskure da 'yan mitoci, a cikin tsagin tudu tana yin fiye da haka, sai na riƙa haɗawa da awon tef.

5 ga Maris

Na sayi tiyo mai garai-garai irin wanda magina suke daidaita gini da shi, mita 20, da sanduna biyu da na yi wa zanen santimita. Ana cika tiyon da ruwa, a kori kumfar iska, mutum ɗaya ya riƙe wannan baki, ɗaya ya riƙe wancan. Ruwa a baki biyun kullum tsayinsa ɗaya ne, saboda haka bambancin da aka karanta a jikin sandunan shi ne hawan ƙasar.

Awon farko ya ba mu lissafin da ba ya yiwuwa, wai dogon yana hawa yana sauka kamar hanyar awaki. Ƙanena ne ya gano. Ya ce, "Yaya, dubi nan, iska ce ta maƙale a tsakiya, ga rana kuma ta dafa rabin tiyon." Muka zubar da ruwan muka sake cikawa a inuwa, muka jira ya natsu kafin kowane karatu. Daga nan lissafi ya daidaita: kusan santimita 25 a kowane tsawon tiyo, wato 1 cikin 80, kuma haka ya ci gaba ba sauyi har ƙarshen inda muka auna. Mutanen da suka zuba wannan ƙasa da kwando da diga sun riƙe hawa ɗaya a tsawon tafiya mai nisa, kuma bayan shekarun nan duka na ruwa da kofato bai gushe ba. Na tsaya na daɗe ina kallon sa.

9 ga Maris

Babban samu. A bakin wata gona an ɗora wani ƙarfe a kan lambatu ana takawa a tsallake. Na wuce shi har na dawo. Ashe ɗaya ne daga cikin waɗanda ake jerawa a kwance a ɗaure dogo a kansu, na ƙarfe ba na katako ba, mai kama da kwami a kife, bakinsa biyu a lanƙwashe don su kama tsakuwa. A wuraren da gara take cin katako irin wannan aka fi sa wa. Tsatsa ta ci gefe ɗaya, amma mazaunin dogo biyun suna nan da hujojinsu.

Daga tsakiyar wannan mazauni zuwa tsakiyar wancan na samu kimanin santimita 112. Faɗin layi ana auna shi ne daga cikin wannan dogo zuwa cikin wancan, don haka in aka cire kaurin kan dogo guda, abin da ya rage ya faɗa kan milimita 1,067. Wannan ma'auni ne na Najeriya da Gana da Sudan da Afirka ta Kudu a tsofaffin layukansu, haka ma yawancin layukan Japan. Ya fi ma'aunin da ya game duniya, milimita 1,435, ƙanƙanta.

Faɗin layi yakan faɗi ƙaddarar layi tun ranar da aka shimfiɗa shi. Matsattsen layi ya fi araha, yana juyawa a ƙaramin wuri, shi ya sa aka fi kai shi ƙauye da kan dutse. Amma in bai dace da babban layi ba, duk kayan da aka ɗauko sai an sauke an sake lodi a mahaɗa. Ƙaramin layin Bauchi, wanda ya tashi daga Zariya ya hau Jos da Bukuru don kwasar kuza, milimita 762 ne. An kammala shi a 1914. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai ya ƙwace masa kaya, a 1957 aka rufe shi. Jirgin ƙasan gwamnatin Saliyo, daga Freetown zuwa Pendembu, shi ma 762 ne, ya tsaya a 1974. Wani kan jirginsa da wasu taragu an kai su Wales a 1975, layin Welshpool da Llanfair ya saye su saboda faɗinsu ɗaya. Namu reshen bai da wannan lalurar, faɗinsa ɗaya da babban layi, saboda haka ba ita ta kashe shi ba.

15 ga Maris

Hira ta farko, kuma ta lalace. An haɗa ni da wani dattijo da ya yi leburancin dogo yana saurayi, a ƙarƙashin heluma, suna bin layi da guduma suna ƙwanƙwasa kusoshi suna jin wanda ya saki daga ƙararsa. Muka zauna a waje gindin bishiya saboda nan ya fi so. Na ce, "Baba, in ka yarda zan naɗi muryarka, kuma ba zan sa ta ko'ina ba sai da izininka." Ya yarda. Ya yi magana mai tsawo, ya lissafo sunayen da ma'aikata suke kiran kowace lanƙwasa da kowace gada, sunayen da babu su a taswira.

Da na dawo na kunna, iska ce kawai take bugun makirfon, muryarsa tana ɓullowa tana nutsewa. Abin da ake ji bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Na zauna a daren na rubuta duk abin da na iya tunawa tun bai dushe ba, amma sunayen wuraren, waɗanda su ne zinariyar hirar, rabinsu sun tafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Dattijo ya ba ni abin da ya adana shekara da shekaru, iska ta kwashe.

Na yi odar ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga mai soso a baki. Daga yau kowace hira a cikin ɗaki za a yi ta, zan naɗi minti ɗaya in saurara kafin a ci gaba, kuma duk sunan wuri zan rubuta shi a takarda nan take in karanta wa mai shi ya gyara mini.

18 ga Maris

Lissafin kuɗi. Kason mota ya kusa ƙarewa, domin kullum wurin farawa ƙara nisa yake yi. Makirfo ya fito daga kason ko-ta-kwana. Na fasa buga taswira mai launi, baƙi da fari ya isa a yanzu.

23 ga Maris

Ban fita ba, karatu na yi, tunda fayil ɗin rufe namu layin babu shi sai in duba yadda aka yi a inda aka ajiye takardu. Mafi shahara shi ne na Birtaniya. A ranar 27 ga Maris 1963 Dokta Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa, ya fitar da rahoton da ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi mai tsawon mil 5,000. Hujjarsa lissafi ce: kashi ɗaya cikin uku na layukan yana ɗaukar kashi 1 cikin 100 ne kawai na zirga-zirga, rabin tashoshin kuma kashi 2 cikin 100 na kuɗin fasinja suke kawowa.

Ba na cikin masu cewa duk rufewar zalunci ce. Mota ta zo, babbar mota tana ɗaukar kaya daga ƙofar gona zuwa ƙofar kasuwa ba sauke-sauke, kuma akwai jiragen da suke yawo da ma'aikata sun fi fasinja yawa. Amma lissafin yana da makanta. Reshe yana ciyar da babban layi, wanda ya hau a ƙauye yakan zarce birni, in ka yanke reshen ba ya zuwa mahaɗa ya jira jirgi, mota yake shiga ya tafi gaba ɗaya. Tashar da mutane suke zuwa da tikitin zuwa da dawowa da suka saya a wani gari, a littafi sai ta fito kamar ba ta kawo komai. Motocin bas da aka yi alkawarin za su maye gurbin jirgi kuma da yawansu ba su daɗe ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba cire ƙarfen ba ne. Ƙarfe ana sake shimfiɗa shi. Abin da ba ya dawowa cikin sauƙi shi ne zirin ƙasar nan da aka daidaita, mai hawa 1 cikin 80, wanda ya ratsa gonakin mutum ɗari ba yankewa. In aka sayar da shi gutsure-gutsure, gida ɗaya a tsakiya ya isa ya kashe shi. A Sikotland an rufe layin Waverley a Janairun 1969. Da aka sake buɗe wani sashensa daga Edinbara zuwa Tweedbank a Satumbar 2015, sai da aka haƙa masa hanya ta ƙarƙashin babban titin da ya kewaye birnin, wanda aka gina bayan rufewar. Amurka ta bi wata dabara. A 1983 ta gyara dokarta ta hanyoyin yawo, ta ba da damar a ajiye zirin layin da aka daina amfani da shi a dunƙule, a mayar da shi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin jirgi zai iya dawowa. Hanyar Katy a jihar Missouri, mai tsawon kusan mil 240, ta haka aka same ta.

29 ga Maris

An hana mu wucewa. Wani sashe na cikon ya shiga cikin wata gona mai shinge, mai gonar yana ciki. Na yi sallama na gaya masa abin da ya kawo mu. Da ya ga tef da takarda sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi ya gaji wurin nan a haka, mahaifinsa ne ya kwashe tsakuwar da hannu kafin ƙasar ta nomu, kuma duk wanda ya zo da awo ƙarshensa ƙwace ne. Na ce, "Malam, ni ba hukuma ba ce, tarihi nake rubutawa." Ya ce takarda ba ta san niyyar wanda ya rubuta ta ba, in ta bar hannuna wani ne zai karanta.

Ban ja da shi ba. Muka zagaya ta hanya muka sake kama layin a gaba, na bar wannan sashe da ɗigo-ɗigo a taswira.

Maganarsa ta bi ni har gida, domin ta ci karo da abin da na rubuta ran 23. Ni ina kukan an gutsuttsura zirin, shi kuma gutsuren da nake magana a kai shi ne abincin gidansa, kuma gumin mahaifinsa yana ciki. Yana da gaskiya a kan takarda. Na yi niyyar ɗora layin duka a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa yake iya ƙara wa bayani, inda akwai alamar da ake yi wa dogon da aka yi watsi da shi. Yanzu na sauya: abin da ya bi ta fili ko hanyar jama'a zan ɗora, abin da ya shiga gonar mutum ko gidansa ba zai hau intanet ba sai mai wurin ya ce to.

5 ga Afrilu

Tsohuwar tasha ta tsakiya. Dakalin da fasinja suke tsayawa yana nan, bakinsa na dutse sassaƙaƙƙe. Ɗakin tikiti ba rufi, wata bishiya ta fito ta tagar da ake miƙa kuɗi. A baya akwai ginshiƙai huɗu na jan bulo da suka ɗauki tankin ruwa, da rijiya mai faɗi wadda har yau ake ɗiba.

Na daɗe ina mamakin abin da ya sa tashar ta yi nisa da ƙauyen da aka sa mata sunansa. Rijiyar ce amsa. Kan jirgi mai tururi yana shan ruwa ninki da yawa fiye da nauyin kwal ɗin da yake ci, don haka inda ruwa yake nan ake tsayawa, mutane su tako su same shi.

Wata tsohuwa da ke zaune kusa ta yarda mu yi hira a ɗakinta, sabon makirfo ya yi aiki tsaf. Na ce, "Inna, me kika fi tunawa?" Na zaci za ta yi maganar kan jirgi da hayaƙi. Ko kusa. Ta ce da kukan jirgin safe suke sanin lokaci, da shi aka kai ƙanwarta asibiti tana naƙuda mai wuya ta rayu, kuma ranar da wasiƙa za ta zo kowa ya san ta. Ta ce a da gidaje sun yi layi daga tasha har rijiya. Da jirgi ya daina zuwa, masu sayarwa suka koma bakin titi, gidaje suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna mini ta ƙofa inda kowane gida yake, ta faɗi sana'ar mai shi. Da muka fita na duba, ga tushen ginin nan a ƙasa, layi biyu, daidai yadda ta ce. Babu taswirar da ta nuna wannan unguwa, tsohuwa ko sabuwa. Na zana ta da tef a shafi guda, kuma ina ganin shi ne shafi mafi daraja a littafin nan zuwa yanzu.

6 ga Afrilu

Na koma wurin dattijon leburan dogo, aka sake hirar a ɗaki. Sunayen lanƙwasa da gadoji sun dawo, har da ƙari. Ya gaji da wuri, na tsaya.

12 ga Afrilu

Ran 5 ga wata na ga wani guntun dogo a kafe a tsaye kusa da dakalin tasha, da alama turken shinge ne a da. A cikinsa, tsakanin kai da gindi, akwai rubutu mai tudu. Masana'antu sukan buga sunansu da shekarar da aka murza ƙarfen a nan. Tsatsa ta rufe shi, rana kuma ta yi ƙasa, sai na ce zan dawo da buroshin waya da alli in fito da shi. Yau na dawo na tarar da rami. Yaran wurin suka ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo da mota a tsakiyar mako.

Hoto ɗaya gare ni, daga nesa, rubutun ba ya karantuwa. Wannan shekarar da ke jikinsa ita ce kaɗai rubutacciyar shaidar da na gani a kan layin kanta. Na sa buroshi da alli a jaka, ba za su sake fita ba. Na kuma bi ta gonar da ƙarfen tsallaka lambatu yake, na roƙi mai ita ya sa masa ido, na ƙara yi masa hoto ta kowane gefe da tef a kansa.

19 ga Afrilu

An kwana ana ruwa mai ƙarfi, da safe na tafi babban kwalbatin da ke ƙarƙashin ciko mafi tsayi, don in ga yadda yake yi. Bakinsa baka ne na jan bulo, layi uku a kan juna, mutum yana shiga a sunkuye. Ruwa ja yana fita ta cikinsa da ƙarfi, ya bi tsohuwar magudanar da aka shimfiɗa wa dutse, ya faɗa rafi. Bulo ko ɗaya bai motsa ba.

Gaba kaɗan akwai ƙaraminsa wanda ƙasa da rassan itace suka toshe. A nan ruwan ya taru a bayan cikon ya shanye gona guda, ya fara cin cikon ta sama, har ya yi zaizaya mai zurfin gwiwa. Ciko in ba mafitar ruwa madatsa ne, kuma ba a gina shi don ya riƙe ruwa ba. Ran da ya ɓalle, gonakin da ke ƙasa ne za su sha. Jirgi ya daina bi, amma layin bai daina raba ruwan wannan kwari ba, sai dai leburorin da suke yashe shi ne babu. Na gaya wa masu gonakin biyu abin da na gani. Sun ce za su haɗu da shebur in ƙasa ta sha iska, na ce a kira ni.

Na ƙara shafi a taswirar, na kwalbatoci: wanne ne a buɗe, wanne ya toshe, wanne ya tsage.

26 ga Afrilu

Na kai ƙarshen layi a gindin tuddai. Ciyawa ta fara tashi, abin da ban gani ba yanzu sai ta sake kwantawa. Kuɗi sun ƙare sai ɗan abin bugu.

Wasu da suka ji labarin aikin sun fara cewa a mayar da layin hanyar keke, wani ma ya ce a dawo da jirgi na 'yan yawon buɗe ido. Ana yi a wasu wurare. Layin Talyllyn a Wales 'yan sa-kai ne suka karɓe shi a 1951, shi ne na farko a duniya da aka ceto ta haka, kuma yana gudu har yau. Sifen ta fara shirinta na mayar da matattun layuka hanyoyin ƙafa da keke a 1993. Amma Talyllyn da ƙarfensa da kan jirginsa aka karɓe shi, namu kuwa ba ko ɗaya, kuma ba zan sa hannu a shirin da zai bi ta gonar mutum ba tare da shi ba. Sashen da ke tsakanin mahaɗa da tashar tsakiya fili ne, mutane suna bin sa da ƙafa tun da ma. In za a fara wani abu, daga nan ya kamata.

Aikin wata mai zuwa na zaune ne. Zan rubuta hirarrakin kalma da kalma, in kai wa masu su a karanta musu, su cire abin da ba sa so. Zan sa sunayen da dattijo ya ba ni a kan taswira kusa da na hukuma. Kwafi ɗaya zai je makarantar ƙauyen, ɗaya ma'adanar takardu, ɗaya wurin Inna tunda unguwarta ce a ciki. Mai gonar da ya hana mu wucewa shi ma zan kai masa, ya ga sashensa da ɗigo-ɗigo kamar yadda na bar shi. An kuma ba ni labarin wata mata a ƙauyen ƙarshe wadda mahaifinta ne yake riƙe da makullin tankin ruwa, zan neme ta ranar Asabar.